An taɓa miƙo miki takardar juya mahaifa ki sa hannu? Ku zo mu ji yadda aka yi

Tafinta a Bronx:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara tara ke nan ina aikin tafinta a asibitocin New York. Makon jiya aka kira ni a waya wajen ƙarfe biyun dare. Wata baiwar Allah ce 'yar Nijar, naƙuda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, za a shiga da ita tiyata. Sai wata ma'aikaciya ta ce in tambaye ta, tunda haihuwa ta biyar ce kuma za a buɗe cikin, ko tana so a ɗaure mahaifar gaba ɗaya. Na faɗa mata. Abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Ku yi abin da za ku yi, ku cire shi." Ni na san yaron take nufi. Da na juya maganar yadda ta fito, da an rubuta ta yarda. Na ce musu ba tambayarku ta amsa ba, azaba ce ke magana. Da likitan ya shigo ya ce a bar zancen, ai ƙa'ida ma ba ta yarda a karɓi amincewar mace tana kan gwiwa ba. Tun daren nan abin yake cina a rai. Wace ce a cikinku ta taɓa haɗuwa da irin wannan, a gida ko a waje?

Uwar Huɗu:
Wa'alaikumus salam Anti. Ni ba a ma miƙo min takardar ba, maigida aka miƙa wa. Aiki na uku aka yi min, a wani asibiti nan Kano. Na farfaɗo, aka ce an samu mace, muka yi suna, na yi wankan jego, shi ke nan. Na yaye yarinya, shekara biyu shiru. Ba irin saiwar da ban sha ba, har da rubutu. Sai da na je wajen wata likita ta duba tabon, ta yi 'yan tambayoyi, ta ce in je in tambayi mijina abin da ya sa wa hannu. Wallahi shi ma kuka ya yi. Ya ce an fito an ce masa idan na sake ɗaukar ciki mutuwa zan yi, ya sa hannu a tsaye a baranda, daga baya kuma ya rasa bakin faɗa min. Ƙila gaskiyar likitan ce. Amma wata tara ina zuwa awo, me ya hana a gaya min ni mai cikin?

Mai Jinyar Tsofaffi:
Allah ya ba ki haƙuri Yaya. Ni a North Carolina nake, ina kula da tsofaffi a gidajensu. Akwai wata tsohuwa baƙar fata da na yi wa aiki shekara uku, ina ce mata Mama. Ɗakinta cike da hotunan yara, kuma ba nata ko ɗaya, na 'yan uwa ne da na maƙwabta. Wata rana ina taje mata kai, ina ba ta labarin ɗana ya fara haƙori, sai ta kama hannuna ta ɗora a ƙasan cibiyarta ta ce in taɓa. Wani dogon tabo ne. Ta ce tana 'yar shekara 15 aka yi mata. Wata jami'ar walwalar jama'a ce ta zo gidansu ta ce da kakarta ko ta yarda, ko a yanke musu tallafin abinci. Kakar ba ta iya karatu ba, alama kawai ta zana a takardar. Ita kuma Mama ce mata aka yi aikin ciwon ciki ne. Sai da ta yi aure ta san abin da aka yi mata, auren kuma bai kai labari ba.

Da farko na ɗauka ruɗun tsufa ne, sai na je na karanta. A da jihar tana da hukuma sukutum ta wannan aiki, kuma daga 1929 zuwa 1974 mutum kusan 7,600 aka hana haihuwa a can. Ba a ɓoye ake yi ba, da doka da hatimi. A 2013 jihar ta ware dala miliyan 10 ta diyya, amma sai wanda yake raye a lokacin, kuma sai an ga sunansa a takardun hukumar. Waɗanda aka yi wa a asibitocin gundumomi ba da sanin hukumar ba, da yawa sun tashi a tutar babu. Mama tana cikinsu.

Ɗalibin Lauya:
Anti Mai Jinya, abin da Mama ta gani shi muka karanta a aji zangon da ya wuce, kuma ranar ban iya cin abinci ba. Jihar Indiya­na ce ta fara irin wannan doka a 1907. A 1927 Kotun Ƙolin Amurka ta halasta ta a shari'ar Carrie Buck, wata yarinya 'yar Virginia da aka ce mai raunin hankali ce, alhali fyaɗe wani ɗan uwan masu riƙonta ya yi mata ta samu ciki, aka kai ta gidan masu taɓin hankali don a rufe asiri. Alƙali takwas suka yarda, ɗaya ya ƙi. 'Yar da ta haifa, wadda aka ce ita ma daƙiƙiya ce, sai da ta shiga jerin haziƙan makarantarsu kafin ta rasu tana shekara 8. A ƙasar duka, sama da mutum 60,000 aka yi wa.

Juyin ya zo a 1942, kuma ɓarawon kaji ne sila. Jack Skinner, an taɓa ɗaure shi kan satar kaji, sannan sau biyu kan fashi. Dokar Oklahoma ta 1935 ta ce mai irin wannan laifi har sau uku a yanke masa hanyar haihuwa, amma ta tsame mai wawure kuɗin amana a ofis. Da aka zo yi wa Skinner, Kotun Ƙoli ta ce wannan bambanci ya saɓa wa gyara na 14 na tsarin mulki, kuma ta bayyana haihuwa a matsayin ɗaya daga cikin haƙƙoƙi na asali. Sai dai ba ta soke hukuncin Buck ba, har yau ma ba a soke shi kai tsaye ba. Shi ya sa aka yi wa Mama nata bayan 1942 ba tare da kowa ya ji tsoron kotu ba.

Sista Mai Karɓar Haihuwa:
Ku yi haƙuri in ɗan ja da ku. Shekara 22 ina ɗakin haihuwa a Zariya. Na ga mahaifa ta fashe, jini kamar an buɗe famfo, mace ba ta san inda kanta yake ba. A nan wa za ka tambaya? Cirewa ake yi ko a rasa ta. Kada masu karatu su tsorata su ƙi zuwa asibiti, mun sha wahalar wannan jita-jita. Amma maganar Uwar Huɗu daban ce. Wadda aka san aiki na uku za a yi mata, tun a awo ya kamata a zaunar da ita da mijin. Mukan yi sakaci, ba zan ɓoye ba: layi mutum ɗari, ma'aikaciya biyu. Malamanmu ma ba su hana ba idan lalura ta kama. Abin da Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, OIC, ta yanke a Kuwait a 1988 shi ne babu tsayar da haihuwa ɗungurungum sai da lalura, kuma hukuma ba ta da ikon kafa dokar ƙayyade wa ma'aurata.

Ɗan Karatu a Japan:
Ina Sendai lokacin da Kotun Ƙolin Japan ta yanke nata hukuncin ranar 3 ga Yuli 2024. Dokarsu ta hana masu nakasa haihuwa ta yi aiki daga 1948 har 1996, mutum kusan 25,000, wajen 16,500 ba da yardarsu ba. Gwamnati ta ce ai an wuce wa'adin shekara 20 na kai ƙara, kotu ta ce wannan ba hujja ba ce. A talabijin na ga kurame tsofaffi suna kuka suna magana da hannu. Malamata ta ce ita ma sai da aka fara shari'ar a garin nan a 2018 ta san an taɓa yin dokar.

Tafinta a Bronx:
Sista, na yarda da ke, ceton rai daban. Ga masu zama a nan Amurka kuwa: idan Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati don masu ƙaramin ƙarfi, ke biyan kuɗin ɗaure mahaifa, sai mace ta kai 21, sai an yi kwana 30 tsakanin sa hannu da aikin, kuma takardar tana da gurbin da tafinta ke sa nasa hannun. Ƙa'idar ta fito ne bayan abin da aka yi wa wasu yara biyu 'yan gidan Relf a Alabama a 1973, ɗaya 12 ɗaya 14, uwarsu ta zana alama tana zaton allurar tazara ce. Ita ma ƙa'idar tana da nata cikas: na ga mai son a ɗaure mata da gaske, ta manta takardar, aka ce sai wani jiƙon.

Uwar Huɗu:
Sista, in na je asibitin za su ba ni fayil ɗina in gani? Katin ya ɓace tun tashinmu daga tsohon gida.

Sista Mai Karɓar Haihuwa:
Ki je ofishin kati da cikakken sunanki da ranar da kika haihu, ki ce a duba rajistar ɗakin tiyata ta wannan watan, lambar fayil tana nan. Ki tafi da safe kafin layi, kuma ki tafi da maigidan, shi ya san takardar da ya gani.