Neman taimako: me ya sa ClF3 ke da siffar T?

Assalamu alaikum malamaina da yayyena masana kemistiri. Ɗalibi ne ni a Samaru, Zariya, kuma ka'idar VSEPR (wadda ke hasashen siffar ƙwayar sinadari daga yadda tagwayen ilektiron ke ture juna) ta tsaya mini a wuri guda, ga jarrabawa ta matso.

Na fahimci cewa tagwayen ilektiron suna ture juna, kuma waɗanda ba su shiga haɗi ba sun fi ƙarfin turi. Shi ya sa kusurwar da ke tsakanin haɗe-haɗen CH4 (methane) take digiri 109.5, ta NH3 (ammonia) ta sauko wajen 107, ta ruwa kuma 104.5.

ClF3 (kulorin ɗaya haɗe da fulorin uku) ce ta hana ni barci. Kulorin na da ilektiron 7 a zagayen waje, ya haɗu da fulorin 3, saura tagwaye 2 zaune. A tunanina sai a sa ɗaya sama ɗaya ƙasa, digiri 180 tsakaninsu, fulorin ukun su baje a tsakiya. Ai haka XeF4 (zenon ɗaya haɗe da fulorin huɗu) ta yi, tagwayenta suna fuskantar juna, ta fito murabba'i shimfiɗaɗɗe. Amma ClF3 ta ajiye nata biyun a tsakiya, digiri 120 kacal tsakaninsu, ta zama T. Don me? Shin turin digiri 90 kaɗai ake ƙirgawa, a bar na 120? In haka ne, mene ne dalilinsa? Ba na son hadda kawai.

Sannan wajen zane: in zarra duka suna kan shimfiɗa ɗaya, dole ne in yi amfani da layi mai kauri da mai ɗigo-ɗigo (masu nuna haɗin da ya fito gaba da wanda ya koma baya), ko layi miƙaƙƙe ya wadatar?

Don Allah wanda ya sani ya warware mini. Allah ya saka da alheri.