Ziyarar Wat Pho: Shawarwarin Waɗanda Suka Je

Waɗanda suka ziyarci Bankok, babban birnin ƙasar Thailand, sun fi ambaton Wat Pho, wurin ibadar mabiya addinin Buddha, inda gunkin Buddha mai tsawon mita 46 yake kishingiɗe. Bakinsu ya zo ɗaya kan sammako, kafin rana ta take. A rufe kafaɗu da gwiwa, a sa takalmi mai sauƙin tuɓewa, don a ƙofa ake cire shi. In an zauna, kada a miƙe ƙafa wajen gunkin. Raini ne babba a wurin mabiya addinin.

Batun rusunawa ne ya ja muhawara. Mafi yawa sun ce ba dole ba ne: ka koma gefe, ka yi shiru, ka bar masu ibada. Ɗan adaidaita sahu kuwa in ya ce yau an rufe, kada ka yarda, shago yake son kai ka.