Musayar mujallar bincike da ƙungiyoyin masana na waje: ta ina ake farawa?

Ɗan Samaru: Assalamu alaikum. Malamai, sashen da ke buga mujallar binciken tsirrai sau biyu a shekara, kuma ba shi da kuɗin sayen mujallun waje, ta yaya zai ƙulla musaya da takwarorinsa na ƙetare? A aika musu namu, su aiko nasu.

Malama Mai Laburare: Wa alaikumus salam. Malam, fara da lambar ISSN, wato lambar shaidar mujalla ta ƙasa da ƙasa. Laburaren Ƙasa ne ke bayar da ita a Najeriya, kuma mujallar da ba ta da ita wahalar shiga kundin laburaren waje take yi. Bayan nan, kada ka rubuta wa farfesa. Rubuta wa jami'in da ke kula da musaya a laburaren ƙungiyar, domin farfesa kan yi ritaya ko ya sauya wurin aiki, yarjejeniyar ta bi shi. A wasiƙar ka faɗi sunan mujallar, sau nawa take fitowa, tsofaffin fitowar da kuke da su, da ainihin abin da kuke so daga wurinsu. Haɗa da kwafi ɗaya su gani. Tsarin daɗaɗɗe ne: akwai yarjejeniyar Burasel ta 1886, da ta UNESCO ta 1958, duk kan musayar wallafe-wallafe tsakanin ƙasashe. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ma yana da ofishi a Nairobi da ke tattara wallafe-wallafen Afirka, a tuntuɓe shi.

Baba Na Gidan Waya: Wajen aikawa ake yin asara. Ƙunshin da bai wuce kilo 2 ba ana manna masa fom ɗin kwastan na CN22, babba kuwa CN23. Rubuta ƙarara cewa takardun bugawa ne, kyauta, ba na sayarwa ba, ka sa ɗan ƙaramin kima. In ka bar gurbin kimar babu komai, kwastan na iya riƙe kayan. Sa mujallun cikin leda tukuna, sannan kwali mai kauri, ka ƙarfafa kusurwoyi da salatif, saboda damina da jifan buhuna. Sa adireshi na biyu a ciki, ko da na wajen ya goge. Akwai buhun M-bag, na aika takardun bugawa ta gidan waya, mai ɗaukar kilo 30 zuwa adireshi ɗaya, amma ba kowace ƙasa ke karɓarsa ba yanzu, sai ka tambaya kafin ka ɗaure kaya.

Dakta Hauwa: Abin da ke kashe musaya shi ne rashin fitowa a kan lokaci. Mujalla ta yi shekara biyu shiru, sai su cire sunanku, dawowa kuma aiki ne. Ku buɗe rajista: me aka aika, yaushe, me ya iso. Fitowar da ba ta iso ba, a nemi madadinta cikin wata uku, tun kafin nasu kwafin su ƙare. Ƙungiyoyi da dama sun daina buga takarda, to ku roƙi izinin karanta nasu ta intanet a madadin, ku kuma nemi sa taku a AJOL, shafin intanet da ke tattara mujallun binciken Afirka.

Ɗan Samaru: Na gode, Allah ya saka da alheri. Kwafi nawa za mu riƙa warewa?

Malama Mai Laburare: Ashirin sun isa a farko, ban da ukun da doka ta ce a kai Laburaren Ƙasa.