Manhajar zane tana rufe kanta tun bayan sabunta Windows

Mai shagon buga takardu, Yalwa, Bauchi:

Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin shago a Yalwa, kusa da jami'a, inda muke tsara katunan gayyatar aure da kalandu, muna kuma buga wa ɗalibai ayyukansu na kammala karatu. Kwana shida da suka wuce na bar kwamfutar da muke zane da ita a kunne, washegari na tarar ta sabunta kanta daga Windows 11 samfurin 23H2 zuwa 24H2. Tun daga ranar manhajar zanen ba ta zauna lafiya ba. Tana buɗewa kamar kullum, amma da zarar na ba ta umarnin buga aiki sai allon ya yi fari na ɗan lokaci, sannan ta ɓace ba tare da wani saƙo ba. Wani lokacin tun a wajen buɗe sabon shafi take rufewa. Jiya na rasa aikin katin aure na awa biyu, alhali wan amarya yana zaune a kan benci yana jira.

Na cire manhajar na sake sanya ta har sau biyu, ba ta sauya zani ba. Yaron da ke duba mana na'urori ya ce babu mafita sai a goge kwamfutar gaba ɗaya, ni kuwa ayyukan shekara uku ne a cikinta. Ina neman shawarar masana kafin in amince.

Mai gyaran kwamfuta, Wunti:

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yarda a goge ta tukuna, domin wanda ya goge kwamfuta bai san abin da ya kawo matsalar ba yakan mayar da shi ciki da hannunsa a ranar da yake sake sanya manhajoji.

Abu biyu ne na gaggawa. Ka kwafe ayyukanka zuwa wani ma'aji na waje yau ɗin nan. Sannan ka sani cewa bayan babbar sabuntawa irin wannan, Windows yana ajiye tsohon tsarin a jaka mai suna Windows.old na kwana 10 kacal, kuma a cikin kwanakin ne kawai za ka iya komawa baya ta Settings, System, Recovery, sannan Go back. Kwana huɗu suka rage maka, saboda haka kada kowa ya share jakar nan da sunan neman fili. Idan kana son ƙarin lokaci, buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, da izinin mai gudanarwa ka rubuta DISM /Online /Set-OSUninstallWindow /Value:60, wa'adin zai koma kwana 60.

Manhajar ba ta nuna maka saƙo ba, amma Windows ya rubuta abin da ya faru. Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta perfmon /rel. Za ka ga jadawalin kwanaki, da jar alama a kan duk ranar da wata manhaja ta faɗi. Ka buɗe ta jiya, ka nemi layin Fault Module Name da na Exception Code. Na farkon shi ne sunan fayil ɗin da aka faɗi a cikinsa, na biyun kuma irin faɗuwar. Lambar 0xc0000005 tana nufin an yi yunƙurin taɓa wani sashe na ƙwaƙwalwar kwamfuta da ba a ba da izininsa ba, ita kuwa 0xe0434352 tana nuni ga manhajar da aka gina a kan .NET. Idan sunan da ka gani ntdll.dll ne ko KERNELBASE.dll, kada ka yi saurin ɗora musu laifi, domin sau da yawa a hannunsu kawai ake faɗuwa, mai turawar daban ne.

Zatona dai ya fi karkata ga direban firinta, wato 'yar manhajar da ke tafinta tsakanin firinta da kwamfuta. Manhajojin zane da na rubutu sukan tambayi firintar da aka zaɓa ta dindindin girman takarda tun a lokacin buɗe shafi, kuma wani ɓangare na direban yana aiki ne a cikin manhajar kanta, don haka idan ya yi tuntuɓe tare suke faɗuwa. Gwajin ba ya cin ko sisi: ka mayar da Microsoft Print to PDF, wato firintar cikin Windows da ke mayar da aiki fayil ɗin PDF maimakon bugawa a takarda, ta zama firintar dindindin, ka sake buɗe manhajar, ka gani.

Malamar koyar da kwamfuta, Gombe:

Na gamsu da bayanin Malam na Wunti, sai dai ina da tambayoyi biyu. Shin an ɗauke wuta a daren da ake sabuntawar? Idan kwamfutar tebur ce kuma babu batirin da ke riƙe ta, yankewar wuta a tsakiyar aikin tana iya barin wasu fayilolin tsarin a lalace. A wannan hali akwai umarni biyu na gyara su a Command Prompt: sai a fara da DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, wanda yakan buƙaci intanet, a biyo shi da sfc /scannow, kuma a yi su lokacin da ake da tabbacin wuta ko an tayar da janareta.

Ta biyu, kuma a gafarce ni, shin manhajar mai lasisi ce? Mun san yadda ake samun manhajoji a shagunanmu. Waɗanda aka fasa makullinsu sun dogara ne da fayilolin da aka yi wa kwaskwarima, kuma tsaron Windows yakan kama irin waɗannan ya killace su, sai manhajar ta riƙa mutuwa. Ana duba wannan a Windows Security, ƙarƙashin Protection history.

Inda na ɗan saɓa da Malam shi ne batun komawa baya. Samfurin 23H2 na Home da Pro ya daina samun gyaran tsaro tun 11 ga Nuwamba, 2025, kuma dakatar da sabuntawa daga Settings ba ya wuce mako 5. Wanda ya koma ya tsaya a nan ya kashe maciji ne bai sare kansa ba.

Dattijo mai ɗab'i, Azare:

Ɗana, ni har yanzu Windows 10 nake amfani da shi a kwamfutar da ke haɗe da babbar firintata, kuma na raba ta da intanet gaba ɗaya, aiki kawai ake kai mata. Na san an dakatar da tallafinsa na kyauta tun 14 ga Oktoba, 2025, shi ya sa ba zan ce ka bi sahuna ba muddin ɗalibai suna soka filas ɗinsu a taka.

Mai shagon buga takardu, Yalwa, Bauchi:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Malama, manhajar mai lasisi ce, kuma a daren muna kan sola, wuta ba ta yanke ba. Duk da haka na yi gwaje-gwajen biyu, ba su sami ɓarna ba.

Zaton Malam na Wunti ne ya tabbata. A jajayen alamomi goma sha ɗaya da na ƙirga, fayil guda ne yake ta maimaituwa, sunansa ya fara da haruffan sunan tsohuwar firintarmu mai buga A3, lambar kuma 0xc0000005. Da na duba kwanan watan direban sai na ga 2016, ashe wanda ya zo a faifai tare da firintar ne muke ta sanyawa duk shekarun nan, kuma da an goge kwamfutar, faifan nan za mu sake ɗaukowa daga aljihun tebur. Ina sauya firintar dindindin manhajar ta daina rufewa. Na sauko da sabon direba daga shafin kamfanin na sanya, an buga katin auren nan da yamma. Abin da ya rage shi ne, sau ɗaya ta sake faɗuwa, kuma na ga firintar ta bayyana sau biyu a jerin na'urori.

Mai gyaran kwamfuta, Wunti:

Madalla, Malam. Tsohon direban ne bai fita ba, domin sanya sabo ba ya cire shi. Ka cire firintocin biyu daga jerin, ka zare wayar firintar, sannan ka rubuta printui /s /t2 a akwatin nan na Windows da R. Jerin direbobi zai bayyana, ka zaɓi tsohon ka cire shi tare da kunshinsa. Idan ya ce ana amfani da shi, ka sake tayar da Print Spooler, wato manhajar da ke jera ayyukan bugawa, daga tagar Services ta Windows, ka maimaita. Sai ka sanya sabon kafin ka mayar da wayar. Ka kuma sake zaɓar A3 a saitin takarda, domin sabon direba yakan koma kan A4 ko Letter, kada kalandar farko ta fito maka a yanke.