'Yar shekara 4 ta ce "ba irinmu ba ce", ya zan ɓullo wa abin?

Malamar Nazare:
Salam 'yan'uwa, dan Allah malamai da iyaye ku ban shawara. Ina koyar da yara 'yan shekara 3 zuwa 5, an kawo min wata sabuwar yarinya da ba ta jin yaren da sauran ke yi, kamanninta ma daban ne, to da na ce su riƙe hannu su yi da'ira sai wata ta fizge hannunta ta ce ita ba za ta riƙe ta ba wai ba irinmu ba ce. Abokiyar aikina ta ce in share kawai, yara ba su san bambanci ba, in na yi magana ni ce zan koya musu. Shugabar makaranta kuma ta ce a shirya ranar al'adu kowa ya sa kayan gargajiyarsu shikenan. Ni dai hankalina bai kwanta da ko ɗaya ba.

Uwar Biyu:
Malama kar ki share wlh. Yaran nan suna gani sarai, bakin faɗa ne kawai ba su da shi da kyau. Tun shekarun 1940 wasu masana a Amurka, Kenneth Clark da matarsa Mamie, suka gwada yara baƙar fata 'yan shekara 3 zuwa 7 da 'yar tsana iri ɗaya sak, launi ne kawai ya bambanta, yawancinsu suka zaɓi farar suka ce ita ce mai kyau. Har kotun ƙolin ƙasar ta ambaci binciken a 1954 lokacin da ta haramta raba makarantu saboda launin fata. In kin yi shiru yarinyar za ta ɗauka maganarta daidai ce, ita kuma baƙuwar ta ɗauka ba mai tsaya mata. Amma fa kar ki tsawatar wa wadda ta fizge hannun gaban aji, ki durƙusa daidai tsayinta ki ce eh yarenta daban ne da naki, amma 'yar ajinmu ce kuma a nan ba ma ƙin hannun kowa. Gajere haka ya isa, 'yar shekara 4 ba ta jin dogon wa'azi.

Tsohon Hedimasta:
'Yata, ranar al'adu ba laifi ba ce amma ita kaɗai ba ta maganin komai, wani sa'in ma ƙara abin take yi, domin an mai da yarinyar abin kallo na yini guda, an tafa mata, washegari ta koma gefen aji ita kaɗai. Inda aikin yake shi ne kullum, kuma daga kanki zai fara. Ki iya kiran sunanta yadda uwarta ke kira, kar ki gajarta shi ko ki laƙa mata wani don ya yi miki wuya a baki. Ki tambayi iyayen kalmomi kaɗan na yarensu, sannu, ruwa, fitsari, zo nan, ki rubuta a tafin hannunki in ta kama. Yaron da bai iya cewa yana jin fitsari ba, a wando zai saki, daga nan yara sun samu sunan tsokana.

Sai kuma abin da mu malamai ba ma son ji. A 2016 masu bincike a jami'ar Yale sun nuna wa malaman nazare bidiyon yara huɗu suna wasa, aka ce su lura da mai rashin ji, alhali babu wanda ya yi rashin ji a ciki, na'ura tana bin inda idonsu ke zuwa, sai ga shi sun fi zuba wa yaro namiji baƙar fata ido. Mutanen kirki ne fa masu son yara, su kansu ba su san suna yi ba. To ki sa abokiyar aikin taki ta zauna bayan aji wata rana ta ƙirga miki wa kika fi kira, wa kika fi yabo, sunan wa ke fitowa bakinki da an ji ƙara.

Baban Amarya:
Ni fa ina da ja kaɗan. Kar garin gyara a nuna wa yaro cewa abin da ake yi a gidansu kuskure ne, iyaye ba za su yarda ba.

Uwar Biyu:
Ai ba wanda ya ce haka yallaɓai. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ma a sashe na 29 duka biyun ta haɗa, a koya wa yaro girmama iyayensa da yarensa da al'adarsa, sannan ya girmama na wasu.

Malamar Nazare:
Na gode Baba Hedimasta, na gode kowa. Kalmomin zan karɓa wajen maman sabuwar yarinyar gobe in ta zo ɗauka. Saura uwar wadda ta fizge hannun, in faɗa mata ne ko in bari sai in ta sake?