Turbo na zubar da baƙin mai, a canza sil ne?

Mai injin casa, Kura:
Salamu alaikum, malamai. Injin dizal na casar shinkafa yana hayaƙi shuɗi, ga mai a bututun iskar turbo, na'urar nan da ke tura wa injin ƙarin iska. Sil ɗin da ke tare mai ne ya mutu, ko boris?

Bakanike, Haɗeja:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka yi gaggawar kwancewa. Turbo ba shi da sil na roba, zafin salansa ya kan kai digiri 600, roba ba za ta jure ba. Ƙananan ringi ne na ƙarfe, irin na fistin, kuma matsin iska ne ke taimaka musu su tare mai. Fara duba iya kilina, wato matatar iska. Ƙurar ƙaiƙayi in ta toshe shi, fankar turbo sai ta riƙa zuƙo mai ta ringin. Sannan bututun da ke mayar da mai ƙasa: gangarowa kawai man yake yi, in ya lanƙwashe ko ya toshe, dole ya nemi wata hanya.

Injiniya, Ringim:
Gaskiya ne, Malam. Batun boris kuwa, yawancinsu bush ne, wato zobe na tagulla, sandar da ke ɗauke da fankar tana yawo kan siririn mai, tana juyi sama da 100,000 a minti. Kama fankar ka girgiza. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, muddin ba ta gogar jikin gidan. Gaba da baya ne bai kamata ka ji ba.

Bakanike, Haɗeja:
Kuma a bar injin a silo minti 3 kafin a kashe. In ba haka ba man ya ƙone a kan sandar, ya zama gawayi, ya ci bush.