A goge Armoury Crate ko a bar ta? Daga zauren 'yan kwamfuta mazauna Saudiyya

Nura, Madina: Assalamu alaikum manya. Tambayata a kan laftof ɗin wasa ce, ASUS TUF A15 mai RTX 4060 da RAM giga 16, sabuwa dal. Ana ta yawo da maganar wai in aka goge Armoury Crate, manhajar ASUS ta sarrafa na'urar da ke zuwa a cikinta, firam, wato yawan hotunan da wasa ke nunawa a daƙiƙa, zai ƙaru a wasan Warzone. Gaskiya ne, ko ji-ta-ji-ta ce?

Injiniya Bashir, Riyad: Wa alaikumus salam ƙanina. Ba zai ƙaru yadda ido zai gani ba. Yanayin aiki uku na na'urar, Silent da Performance da Turbo, ba a cikin manhajar suke zaune ba, a BIOS suke, wato tsarin da ke tashi kafin Windows, ita rimot ce kawai. Wanda ya jefar da rimot ɗin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, bai ƙara wa ɗaki sanyi ba, abin juyawa ya rasa. Abin da ke yanke firam shi ne wat nawa katin hoto ke sha. Katin RTX 4060 na laftof ana ba shi daga wat 35 zuwa 115, da ƙarin 25 na Dynamic Boost ya kai 140. Ba zai leƙa saman nan ba sai a Turbo, da babbar cajarta ta asali a jone. Cajar USB-C mai wat 100 ba ta isa ba, a batir kuwa ba a ma magana.

Abu Sadik, Jidda: Injiniya ka yi gaskiya, amma a ba maganar haƙƙinta. Manhajar ba ita kaɗai take zuwa ba, da 'yan rakiya ne: na fitilun kibod, na sabuntawa, na sa ido kan zafi, duk suna tashi tare da Windows. Ka danna Ctrl+Shift+Esc, jerin abubuwan da ke aiki zai fito, ka ƙirga su. A RAM giga 16 ba za a ji ba. A giga 8 kuwa, inda wasa ya riga ya cinye kusan komai, nan ne ake samun wannan 'yar ƙamewar ta ƙiftawar ido. Matsakaicin firam yana nan yadda yake, amma na can ƙasa, kashi 1 cikin 100 mafi muni, shi ne kan ɗan gyaru. Shi ya sa mutum biyu ke musu, kowa da gaskiyarsa.

Malama Rabi, Jidda: Kafin a goge komai a auna. A sa manhajar auna firam, CapFrameX ko MSI Afterburner da RivaTuner, a kuma buɗe HWiNFO64 a gefe don ganin zafi da wat. Wasa ɗaya, wuri ɗaya, saiti ɗaya, caja a jone, a maimaita sau 3 bayan na'urar ta yi kamar minti 15 tana ɗumi. A rubuta matsakaici, da na ƙasa, da zafi, da wat. Bambancin firam 2 ko 3 ba sakamako ba ne, ko ba ka taɓa komai ba za ka gan shi.
Ga kuma alama: in wasa ya fara lafiya sai bayan minti 20 ya soma ja da baya, ba manhaja ba ce, zafi ne. Katin Nvidia na laftof yana rage gudu da kansa a wajen digiri 87, furosesan Ryzen a wajen 95.

Injiniya Bashir, Riyad: Wannan shi ne ciwonmu a nan. Riyad a watan Yuli ana haura digiri 43 a waje, ga ƙura, ga zaman ƙasa. Laftof a kan kafet ko katifa ta toshe hancinta ke nan, don ta ƙasa take shaƙar iska. A ɗora ta a tebur, a ɗaga bayanta kamar santimita 2 zuwa 3. Duk wata 4 zuwa 6 a buɗe murfin ƙasa, a cire soket ɗin batir, a danne fankar da yatsa kafin a hura iska, kada ta yi ta juyawa ta cinye beyarinta. Ƙurar tana taruwa ne kamar auduga tsakanin fanka da siraran ƙarafunan da iska ke fita ta cikinsu, daga waje ba a ganinta. Masu laftof ɗin ASUS ROG kada su ɗaga bututun sanyaya, da yawansu ruwan ƙarfe ne a kan furosesa, in ya ɗiga kan babban allon cikin na'urar (motherboard) an gama.

Nura, Madina: Na gode Yaya. To wanda duk da haka yake son cirewa fa?

Abu Sadik, Jidda: Akwai tsari. Ka fara ajiye wurin komawa na Windows (Restore Point), don ka iya mayar da komai yadda yake in an samu matsala. Sannan ka mayar da yanayin katin hoto kan Standard tun manhajar tana nan. Nan mutane ke faɗawa rami: su goge tana kan Eco, yanayin da ke kashe RTX don adana batir, RTX ya ɓace ɗungurungum, wasa ya koma kan ƙaramin katin cikin furosesa, su ɗauka kati ya ƙone. Kada ka goge ta hanyar Settings, tana barin saura. ASUS na da Armoury Crate Uninstall Tool a shafinsu, da shi za ka yi, ka sake kunna na'urar. ASUS System Control Interface kuwa kada ka taɓa shi, direba ne, ta kansa ake magana da fanka da maɓallan Fn. Sai ka ɗauko G-Helper, ƙaramar manhajar da ke maye gurbin Armoury Crate, daga shafin GitHub, fayil guda ne, kyauta. Yana juya Silent da Performance da Turbo, da saita gudun fanka gwargwadon zafi, da tsayar da caji a kashi 80. Kada a bar shi da Armoury Crate suna aiki tare, rigimar fanka suke yi.

Malama Rabi, Jidda: A ƙara da cewa yanayin katin hoto na Ultimate shi ne ke ba da ƙarin firam na gaske, musamman a wasanni masu sauƙi irin Valorant, don hoton yana tafiya allo kai tsaye daga RTX. Yana buƙatar sake kunnawa, kuma yana shan batir, sai a bar shi ga mai zama kusa da soket.

Malam Auwal, Makka: Masu wasu kamfanoni kada su kwafi wannan ido rufe. A Lenovo Legion, Fn+Q yana juya yanayi ko babu manhajarsu ta Vantage, fitilar na'urar ta nuna launi: shuɗi shiru, fari tsaka-tsaki, ja ƙarfi. A Acer Nitro kuwa in ka cire manhajarsu ta NitroSense maɓallinta ya zama ado, ka rasa juya fanka. Abin da ake gogewa ba fargaba shi ne antibayros ɗin gwaji da ke zuwa da sabuwar na'ura, Windows Security ya wadatar. Masu kwamfutar tebur da motherboard na ASUS, ku shiga BIOS ƙarƙashin Tool ku kashe zaɓin sauko da Armoury Crate, in ba haka ba za ta sake tambayar shiga. Amma kada hannu ya kai kan saitin tsaro na Secure Boot ko TPM, Valorant ba ya tashi a Windows 11 in babu su.

Nura, Madina: Yawan jinkirin harbi fa, shi ma zai ragu?

Injiniya Bashir, Riyad: In fing kake nufi, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je sabar wasan ya dawo, a'a, wannan hanyar intanet ce. Ka zaɓi sabar Bahrain a wasan da ke da ita, ka ja waya daga rauta maimakon Wi-Fi. In ba halin waya, ka hau 5GHz, ba 2.4 ba.